Kwamfutata ta nuna ta haɗu da intanet amma ba ta buɗe shafi, kuma abin ya jawo rigima a gidana

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makarantar sakandare ce a Zariya, ina kuma karatun digiri na biyu. Bara maigidana ya saya mini kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai Windows 10, wadda da ita nake rubuta kundin bincikena, kuma muna da MiFi a gida da kowa yake amfani da ita. Batirin kwamfutar ya mutu tuntuni, sai tana jone da wuta take aiki. Tun makon jiya ta daina buɗe kowane shafi. A ƙasan allo tana nuna ta haɗu da MiFi ɗin, amma ko Chrome na buɗe ko Edge sai wani rubutu na Turanci ya fito, alhali wayata tana aiki lafiya ƙalau. Ƙanin maigidana, ɗan shekara 19 da yake zaune tare da mu yana jiran gurbin shiga jami'a, shi ne ya yi amfani da ita a daren ƙarshe yana kallon ƙwallo har aka ɗauke wuta, kuma ni ce na ba shi lambar sirrin buɗe ta. Ya rantse bai taɓa komai ba. Maigida ya fusata ya ce zai mayar da shi wurin Hajiya, ni kuma ya ce sakacina ne. Yanzu yaron ko cikin gida ba ya son shigowa. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, ga shi babi uku na kundina suna ciki, ba ni da su a wani wuri, malamin da yake duba aikin kuma yana jiran su nan da mako biyu. Don Allah a ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina.

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya kuma ba ki sa'ar karatu. Bari in fara da abin da zai sa ki samu barci yau: babu wani abu a cikin wasiƙarki da yake nuna cewa kwamfutar ta lalace ko babukanki sun salwanta. Kwamfutar da take kunnuwa, take buɗe takardu, take kuma ganin MiFi har ta haɗu da ita, jikinta lafiya yake. Irin wannan matsala galibi daga saiti take, kuma saiti ana mayar da shi yadda yake ba tare da an goge ko harafi ɗaya daga aikinki ba. Abin da zai iya salwantar da babukan nan shi ne fomatin ɗin da aka ba ki shawara a kai, domin shi share duk abin da yake cikin kwamfutar yake yi a sake zuba mata Windows sabuwa.

Saboda haka, kafin ki taɓa komai, ki nemi filasha ki kwafe kundin da duk takardun da kike ji da su, wanda wannan ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Sannan ki jona wayarki da kwamfutar ta kebul ɗin caji, ki zaɓi tura fayil idan wayar ta tambaye ki, ki zuba babukan a wayar, ki aika wa kanki su ta imel. Da kin yi haka wa'adin mako biyun nan ya daina zama barazana, domin ko da kwamfutar ta ƙi gyaruwa da wuri za ki ci gaba da rubutu a kanta, in kin gama ki tura wa malaminki ta waya. Ina roƙon ki da ki yi wannan yau, ba gobe ba, domin kwamfutar da take mutuwa nan take duk lokacin da aka ɗauke wuta ba wurin ajiye kwafi ɗaya tilo na aikin shekara guda ba ce.

Yana da kyau ki fahimci abin da alamar nan ta ƙasan allo take faɗa miki, saboda ita ce take rikita mutane. Idan ta nuna an haɗu, abin da ta tabbatar kawai shi ne kwamfutarki da MiFi suna jin juna a cikin ɗaki. Kamar wayar lantarki ce da aka jawo daga falwaya zuwa gida: ganin ta a jone ba shi ne samun wuta ba. Kafin shafi ya buɗe sai MiFi ta ba kwamfutar lambar adireshi, sai layin da yake cikin MiFi yana da data kuma yana samun sabis, sai an juya sunan shafin da kika rubuta zuwa lambobin da na'urori suke ganewa, sannan sai manhajar da kike shiga intanet da ita ta bi hanyar da ta dace ta kuma amince da takardar shaidar shafin. Ko wanne daga cikin waɗannan ya tsinke, ke abu ɗaya za ki gani a gabanki, wato shafi ya ƙi buɗewa. Aikinmu shi ne mu gano inda ya tsinke, kuma sai mun gano ne za a iya cewa wani ya yi laifi ko bai yi ba.

Kin ce wayarki tana aiki lafiya, kuma na san wannan ne ya sa kowa a gidan ya yanke cewa matsalar daga kwamfuta take. Ni ban yarda da wannan shaida ba tukuna. Wayoyi da yawa, idan suka ga Wi-Fi ba ta kawo intanet, sukan koma kan datar layin da yake cikinsu ba tare da sun sanar da mai su ba. Ki kashe datar wayarki gaba ɗaya, ki bar Wi-Fi kaɗai, ki buɗe wani shafi da ba ki saba shiga ba. Kada ki gwada da WhatsApp ko Facebook, domin akwai nau'in data da ake sayarwa don kafofin sada zumunta kaɗai, wanda mai shi zai ga saƙonni suna shigowa amma sauran shafuka a rufe. Idan wayar ita ma ta tsaya, to matsalar tana wurin MiFi. Ki kashe ta, ki bar ta kamar minti ɗaya, ki kunna, sannan ki duba ragowar data. A Najeriya ana duba ta da *323# a kowane layi, sai dai dole ki cire layin MiFi ɗin ki sa shi a waya, ko kuma ki shiga shafin MiFi ɗin da lambobin da aka rubuta a jikinta ko a ƙarƙashin batirinta, waɗanda sau da yawa 192.168.8.1 ne ko 192.168.0.1. Kallon wasan ƙwallo na minti 90 yana iya cinye fiye da gigabait ɗaya, Windows 10 ita ma tana sauke sabuntawa masu nauyi a ɓoye idan ba a nuna mata cewa datar a ƙididdige take ba. Ba abin mamaki ba ne a ce duk wannan tashin hankali data ce ta ƙare. Wani gwajin mai sauƙi shi ne ki kunna hotspot a wayarki ki haɗa kwamfutar da ita. In shafuka suka buɗe, kwamfutar ta fita daga zargi.

Idan kuwa wayar ta ci gaba da aiki da Wi-Fi kaɗai, kwamfutar kuma ta ƙi ko da hotspot, to mun dawo kanta. A nan ina so ki yi abin da ba ki yi ba a wasiƙarki, wato ki karanta rubutun Turancin nan da yake fitowa, musamman layin ƙasa da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ki ɗauke shi hoto da waya. Wannan layi shi ne kwamfutar take faɗa miki ciwonta da bakinta. Idan kin ga ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED, ko wata magana mai ɗauke da kalmar proxy, wato mai shiga tsakani da ake sa kwamfuta ta bi ta kansa kafin ta isa intanet, wannan abu ɗaya ne. Idan kin ga wadda ta fara da DNS_PROBE_FINISHED, wannan wani ne daban. Idan kuma an rubuta cewa agogonki yana baya ko yana gaba, ko kin ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, to wannan ya fi kowanne sauƙi.

Ki fara da agogon, domin daƙiƙa biyu zai ɗauke ki. Ki dubi kwanan wata da lokaci a kusurwar dama ta ƙasan allo. Kusan duk shafukan yau suna gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogon kwamfutarki ake auna ta. In kwamfutar tana ganin muna shekarar 2012, duk takardar da aka nuna mata za ta ce ba ta fara aiki ba, sai ta ƙi buɗe shafin. Kwamfutoci da yawa suna da wani ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, wanda yake riƙe lokaci idan an kashe su, kuma a tsohuwar kwamfuta ta hannu wadda babban batirinta ma ya mutu, ba wuya shi ma ya gaji. Idan kin tarar da kwanan wata ba daidai ba, ki shiga Settings, sannan Time & Language, ki gyara ranar da lokacin da hannu, ki tabbatar yankin lokaci yana kan West Central Africa. In ya sake ɓacewa bayan an ɗauke wuta, ɗan batirin nan za a canza, kuma ba shi da tsada.

Amma abin da na fi zato, in na haɗa bayanan wasiƙarki wuri ɗaya, shi ne batun proxy, kuma zan ɗan daɗe a kansa saboda shi ne ya shafi ƙaninku kai tsaye. Matasa masu kallon ƙwallo a intanet sukan saka manhajar VPN ta kyauta ko wata makamanciyarta don buɗe shafukan da suka ƙi buɗewa, kuma wannan ɗabi'a ta yaɗu sosai a Najeriya tun lokacin da aka rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji, idan aka kunna su, sukan canza saitin Windows ta yadda duk abin da za a nema a intanet sai ya bi ta cikinsu, in aka rufe su yadda ya kamata kuma su mayar da saitin yadda suka same shi. To ki tuna abin da kika faɗa mini: batirin kwamfutar ya mutu, kuma an ɗauke wuta yana cikin kallo. Kwamfutar ta mutu farat ɗaya, manhajar ba ta samu damar mayar da saitin ba. Washegari da kika kunna, Windows tana nan tana tura komai zuwa ga manhajar da ba ta aiki, don haka babu shafin da zai buɗe. Chrome da Edge kuwa dukansu saitin Windows ɗaya suke bi, shi ya sa canza ɗaya da ɗaya bai amfane ki ba.

Gyaran wannan ba ya kai minti biyar. Ki shiga Settings, sannan Network & Internet, sannan Proxy a ƙarshen jerin hagu. Za ki ga maɓallin Use a proxy server. Idan a kunne yake, musamman in akwai lambobin 127.0.0.1 a ƙarƙashinsa, waɗanda ma'anarsu ita ce wannan kwamfutar da kanta, to kin kama matsalar. Ki kashe shi. Ki kashe Use setup script shi ma idan a kunne yake, ki bar Automatically detect settings kaɗai. Ki rufe Chrome ki sake buɗewa. Daga nan ki shiga Apps a cikin Settings, ki jera manhajojin bisa ranar da aka saka su, ki duba ko akwai wadda aka saka a makonnin nan da ba ki san ta ba, ki cire ta. Idan kin kashe proxy amma ya sake kunna kansa, to akwai manhajar da take yin hakan da gangan, sai ki buɗe Windows Security ki yi cikakken bincike, ki kuma canza lambobin sirrin imel ɗinki da na shafin makaranta daga wayarki. Akwai kuma tsohuwar manhajar kariya daga cutar kwamfuta da masu sayar da na hannu sukan bari a ciki, wadda wa'adinta ya ƙare amma tana nan tana tsare hanya. In kin ga irinta, cire ta ya fi alheri, tunda Windows 10 tana da tata kariyar.

In agogo daidai yake kuma proxy a kashe yake, sai mu tambayi kwamfutar kai tsaye. Kada baƙin allo ya tsorata ki. Ki danna maɓallin Start, ki rubuta cmd, ki danna shi da ɓangaren dama na linzami ki zaɓi Run as administrator. A baƙin allon da zai fito ki rubuta ipconfig ki danna Enter, ki nemi layin IPv4 Address a ƙarƙashin Wi-Fi. Lambar da ta fara da 192.168 tana nuna MiFi ta ba kwamfutar adireshi. Wadda ta fara da 169.254 kuwa tana nuna ba ta samu ba, sai ta ƙirƙira wa kanta wadda ba za ta kai ta ko'ina ba, kuma maganin wannan galibi shi ne a sake kunna MiFi, a sa kwamfutar ta manta da Wi-Fi ɗin a sake haɗa ta da lambar sirri. Bayan haka ki rubuta ping 8.8.8.8, wanda adireshin wata na'urar Google ce, sannan ki rubuta ping google.com. Idan na farko ya amsa da layukan da suka fara da Reply from 8.8.8.8, na biyu kuma ya ce bai sami sunan ba, to hanyar intanet a buɗe take, juya suna zuwa lamba ne ya tsaya, wanda shi ake kira DNS. Idan dukansu suka amsa, matsalar tana cikin manhajar shiga intanet ko abin da yake tsare mata hanya. Idan babu wanda ya amsa, to tsakanin kwamfutar da MiFi ne ko daga MiFi zuwa waje.

Don gyaran DNS, ki rubuta ipconfig /flushdns a wannan allon, sannan ki rubuta ncpa.cpl, ki danna Wi-Fi da ɓangaren dama, ki zaɓi Properties, ki buɗe Internet Protocol Version 4, ki tabbatar duka zaɓuɓɓukan biyu suna kan samun lamba kai tsaye, wato waɗanda suka ƙare da automatically. Manhajojin VPN sukan bar nasu lambobin a nan ma. In hakan bai wadatar ba, ki sa 8.8.8.8 da 8.8.4.4 da hannu a gurbin DNS. Matakin ƙarshe shi ne Network reset, wanda yake ƙasan shafin Status a cikin Network & Internet. Yana mayar da duk saitin haɗin intanet yadda ya fito daga kamfani, kwamfutar za ta sake kunna kanta bayan minti biyar, za ta kuma manta lambobin sirrin Wi-Fi, amma ba ya taɓa takardunki.

Yanzu ga mutanen gidan, waɗanda a wurina su ne suka fi kwamfutar bukatar kulawa. Game da ƙaninku, ina ganin abu biyu za su iya zama gaskiya a lokaci guda. Yana iya yiwuwa ya saka wata manhaja don ya kalli ƙwallo, yana kuma iya yiwuwa rantsuwarsa ta gaskiya ce a iya fahimtarsa, domin a wurin yaro ɗan shekara 19 saka manhajar da duk abokansa suke amfani da ita ba taɓa komai ba ne, kuma lokacin da ya bar kwamfutar tana aiki, wuta ce ta kashe ta. Tambayar da aka yi masa ita ce ko shi ya lalata, kuma amsar wannan tambaya a gaban yayansa da ya fusata ɗaya ce tal, ko wane ne aka tambaya. Ke kuwa kina da wata dama da maigidanki ba shi da ita, domin ƙanin miji abokin wasa ne, yana iya sakewa da ke ya faɗi abin da ba zai iya faɗa wa yayansa ba. Ki kira shi lokacin da maigida ba ya nan, ki zuba masa abinci, ki ce masa kin samu bayanin yadda ake gyarawa amma kina so ya zauna ya taya ki, tunda ya fi ki sabo da waɗannan abubuwa. Ki tambaye shi da wane shafi ya kalli wasan, da ko sai da ya kunna wani abu kafin ya buɗe. Shi ne kaɗai ya san abin da ya faru a daren nan, kuma amsarsa za ta iya rage miki rabin aikin da na zayyana a sama. In ya kasance da hannunsa aka kashe maɓallin da ya gyara kwamfutar, kin ba shi hanyar dawowa cikin gida ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Sai dai kada tausayi ya sa ki rufe gaskiya. Idan aka gano ya saka manhaja, ki faɗa masa a fili cewa saka abu a kwamfutar da ba tasa ba, ba tare da izini ba, kuskure ne, musamman wadda take ɗauke da karatun wani, kuma manhajojin kyauta da ake saukewa daga shafukan kallon ƙwallo suna daga cikin hanyoyin da ake sace bayanan mutane. Ya kamata ya ba yayansa haƙuri a kan wannan. Amma kuskuren da ake gyarawa a minti biyar bai kai a kori mutum daga gida ba.

Shi kuma maigidanki, ki yi masa adalci a zuciyarki. Mutum ne da ya cire kuɗi masu yawa ya saya miki kayan karatu, ya kuma ɗauki nauyin ƙaninsa, sai ga shi an ce abin da ya saya ya lalace a hannun wanda yake ciyarwa, mai gyara kuma yana neman wasu kuɗin. Fushinsa yana da tushe, ko da hukuncinsa ya yi gaggawa. Ba na ba ki shawarar ki tsaya kare yaron da musu, domin hakan zai mayar da maganar tsakaninki da mijinki, ya kuma ƙara masa jin cewa kun haɗe masa kai. Ki same shi lokacin da ya huta, ki fara da amsa naki ɓangaren, wato kin ba da lambar sirri ba tare da kin yi shawara da shi ba, kin kuma bar aikinki ba kwafi. Sannan ki sanar da shi cewa babukan sun tsira, kuma akwai yiwuwar a gyara kwamfutar ba tare da an kashe ko sisi ba, ki roƙe shi ya dakatar da maganar Hajiya na kwana biyu har a ga abin da ya faru. Wannan roƙo ne da zai iya amsawa ba tare da ya ji an karya masa magana ba. Ki tuna masa cikin ladabi cewa da zarar zance ya isa wurin Hajiya ya fita daga hannunku, kuma in daga baya ta bayyana data ce ta ƙare ko agogo ne ya ɓata, kunyar za ta yi nauyi a kan kowa, ke ce kuma za a fi kallo a dangi a matsayin wadda aka kori ɗansu saboda ita, ko da ba ki furta kalma ɗaya ba. Wannan ba adalci ba ne a gare ki, amma kin san haka ake yi.

Game da sakacin da aka ce kin yi, ba da aron kwamfuta ga ɗan gida kyautatawa ce, ba na kuma son ki fita daga wannan lamari da niyyar kulle komai. Abin da ya kamata a gyara shi ne yadda ake ba da aron. Windows tana ba da damar buɗe wa kowane mutum nasa asusun. Ki shiga Settings, sannan Accounts, sannan Family & other users, ki buɗe masa nasa a matsayin Standard User, ki canza lambar sirrin naki ki riƙe ta ke kaɗai. Mai irin wannan asusu ba ya ganin takardunki, ba ya iya saka manhajojin da suke taɓa tushen kwamfutar sai da izininki, kuma saitin proxy da ya canza a nasa ɓangaren ba ya shafar naki. Yaron da yake jiran shiga jami'a yana bukatar ya iya kwamfuta, kuma wannan tsari zai ba maigida kwanciyar hankalin da zai sa ya yarda a ci gaba da ba shi. Ku kuma yi magana a kan data, a san wa yake sayen ta ƙwallo.

Mai gyaran nan ba lallai ne yana neman cutar ki ba. Fomatin ita ce hanyar da ta fi masa sauri, tana kuma kawar da matsalar saiti kowace iri ce ba tare da ya wahalar da kansa wajen bincike ba, sai dai ke ce za ki biya da takardunki da manhajojin da kike aiki da su. Idan kin bi duk abin da na faɗa abin ya ci tura, ki kai masa ko wani daban, amma bayan kin kwafe kayanki, ki fita daga imel ɗinki, ki tafi da maigida ko da ƙanin nasa, a yi aikin a gabanku maimakon a bar ta ta kwana a shago da hotunan iyali a ciki. Ki nuna masa hoton rubutun da yake fitowa da sakamakon gwajin da kika yi, ki ce ya duba direban Wi-Fi, wato manhajar da take sarrafa Wi-Fi ɗin kwamfutar, tukuna kafin a yi maganar goge komai. In kuma akwai kuɗin da za a kashe a kan wannan kwamfuta, batir ya kamata a saya, domin mutuwar farat ɗaya da take yi duk lokacin da aka ɗauke wuta tana iya lalata fayil ɗin da kike cikin rubutawa, ta kuma cutar da ma'ajiyar bayanan kanta. Ki kuma sani cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 da sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka bayan kin miƙa kundinki, ba kafin nan ba, ki sa a duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11.

Idan kin gwada abin bai warware ba, ki sake rubuto mini da abu huɗu: rubutun da Chrome yake nunawa harafi da harafi, lambar da ipconfig ya ba ki, abin da ping ɗin nan biyu suka amsa, da kuma ko kwamfutar ta buɗe shafi da hotspot ɗin wayarki. Ki gaida maigida da ƙanin naku, Allah ya daidaita tsakaninku.